Ginin Da Na Yi Wa Yayana A Filin Mutane

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar ba, a bazarar da ta wuce waccan, ranar da na tara mutane a bayan garin Matameye, na shimfiɗa musu tabarmi, na saya musu goro da lemo da kuɗina, don kawai su zo su shaida wautata da idonsu. Har yanzu in abin ya faɗo mini sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya, ko da kuwa a gaban allo nake da alli a hannu.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da yara, su da iyayensu duk Mushe suke ce mini, wato malam, kuma da na tsaya a nan da babu abin da zai same ni. To amma a wancan lokacin wata cuta ta kama ni, cutar filaye. A teburin wani mai shayi na kwaso ta, can kusa da tasha, inda direbobi da 'yan kasuwa ke zama. Ba su da wata hira sai ta fili. Wannan ya ce wane ya sayi fili a hanyar Kance bara, bana har ana bin shi ana roƙo ya sayar. Wancan ya ce shagunan bakin kasuwa sun yi sanyi tun da harkar iyakar Najeriya ta rikice, masu haya suna mayar da makulli. Wani ya ce ƙarya ne, sanyin na ɗan lokaci ne, ga mutanen Damagaram nan sun fara gangarowa suna kwashe filaye tunda can birni ya fi ƙarfin talaka. Ni kuwa ina gefe da kofina ina haɗiye komai.

Kafin wata guda na zama gwani. Ban taɓa sayen fili ba, ban taɓa sayarwa ba, amma na san inda gari zai nufa nan da shekara goma. Kudu zai yi, na ce, wajen hanyar Ɗan Barto, don can ne hanyar Najeriya, kuma duk daɗewa manyan motoci za su dawo da zirga-zirga yadda suka saba. Shaguna ne za su fara tashi, gidaje su biyo baya. Lokacin hutun ƙarfe goma, yara na waje suna wasa, ni ina zana wa sauran malamai taswirar gari a allo, ina jan kibiya zuwa kudu. Ko a masallaci in aka sallame sai na kamo wani na yi masa bayani. (Matata Zuwaira ta taɓa tambayata, cikin ladabi kuwa, yadda aka yi mutumin da ke zaune a ɗaki biyu na haya ya san sirrin ƙasa haka. Na ce mata ilimi daban, dukiya daban. Ta ce to.)

Matsalar gwani irina ita ce ba shi da abin gwaji. Sai na tuna da Yaya Hamisu.

Yaya Hamisu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha shida, da zarar an kai gero rumbu sai ya ɗauki jakarsa ya nufi Fatakwal, ya yi ta tura baro yana sayar da lemo da ayaba, ba ya dawowa sai an yi ruwan farko. Matarsa Habi da yara shida suna cikin gidanmu na gado, a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga ya rufe ƙofar gidansa na kansa. Ga shi a shekarun nan abin da ya tara in aka canza shi zuwa sefa, kuɗin ƙasarmu, sai ya ƙanƙance, kamar an wanke riga ta shige. Shi kansa hankalinsa ba a kwance yake ba, ni kuwa na hana shi sakat. Safe waya, rana waya. Yaya, fili ba ya jira. Yaya, in muka kai baɗi sai dai mu yi kallo. Yaya, ka yarda da ni, na yi nazarin abin nan ciki da bai. Shi mutum ne da bai yi boko ba, kuma tun muna yara in na yi magana da lafazin makaranta sai ya yi shiru. Haka ya yi wannan karon ma. A ƙarshe ya ce mini, "To, kai ne mai karatu. Ga amana nan."

Filin na samu a hannun wani ɗan kasuwa da ke zaune a Damagaram. Yana cikin sabon yanka, kudu da gari, daidai inda kibiyata take nunawa. Maganar gaskiya mutumin bai cuce mu ba ko kaɗan. Takarda sahihiya, shaidu sun sa hannu, komai bisa ƙa'ida. Ya haɗa mini da kwafin taswirar unguwar, ya ce filin shi ne na uku daga kwana, akwai gawo kusa da shi. Sannan ya ƙara da cewa kada in sa diga a ƙasa sai mai awon fili ya je ya nuna mini bornonin, wato 'yan turakun simintin nan da ake kafawa a kusurwar kowane fili. Na ce masa ai dole.

Na kira mai awo, ya ce yana wani aiki a ƙauye, in ba shi kwana goma.

Kwana goma! Ni da ko kwana ɗaya ji nake kamar ana zare mini wani abu daga aljihu. A teburin shayi an ce siminti zai ƙara kuɗi. Maginin da na yi magana da shi, Ilya, ya ce in ba mu fara a satin nan ba zai tafi wani aiki a Ɗan Barto. Ga damina na ƙaratowa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Abinci ma a tsaye nake ci. A rana ta uku na ce wa kaina, wai shin me mai awo ya sani wanda ban sani ba? Taswira ce fa. Ni da nake koyar da labarin ƙasa.

Na hau moto, wato babur ɗina, na tafi ni kaɗai. Wurin da gonaki ne, har lokacin ga kututturen karan gero nan a tsaye, bornoni rabi a binne cikin rairayi, babu gini ko ɗaya a layin. Gawo kuwa, duk wanda ya san ƙasarmu ya san in aka ce maka kusa da gawo daidai yake da a ce maka ƙarƙashin sama. Ta wajen kwalta na shigo. Na tsaya a kwana, na buɗe takarda, na ƙirga, ɗaya, biyu, uku. Sai ga ni a kan wani fili mai tudu, shimfiɗaɗɗe, ga wani ƙaton gawo a gefensa kamar an dasa shi domina. Zuciyata ta yi fari. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa layi kwana biyu gare shi, ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan.

Ilya ya tambaye ni sau biyu, ranar da za a ja igiya da ranar da za a fara haƙa, ko an nuna mini bornonin. A karo na biyu na ɗan ɗaga murya, na ce masa ya yi aikinsa na gini ya bar wa masu karatu aikin takarda. Ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce wa leburori su fara.

Sati uku muka yi ana aiki. Tsarin ma ni na zana, shago biyu a gaba suna kallon layi, ɗaki uku a baya, tsakar gida mai faɗi. Na ce wa Yaya hayar shagunan kaɗai za ta raba shi da tura baro. Kullum da an tashi daga lakwal ina can, wani lokaci har da tsakar rana sai in fyalla in duba in dawo aji da ƙura a wando. Ina ɗaukar hoto ina tura masa. Aka zuba harsashi, bulo ya tashi har ƙugu. Habi ta zo da yara wata Juma'a, ta shiga tsakanin bulon ta zaɓi ɗakinta, ta nuna inda za ta sa murhu, kafin ta tafi har ta dasa zogale guda biyu a kusurwa ta ba su ruwa da buta. (Duk cikin abin da ya faru, wannan zogalen ne ya fi tsaya mini a rai.)

Da na tsaya a nan ma da kunyar ta zo da sauƙi. Amma sai na ce a yi taron addu'a. Na faɗa wa kowa don neman albarka ne. Gaskiyar magana kuwa, malamai biyu a lakwal ɗinmu sun fara cewa in nema musu fili, ni kuma na fara hango kaina na zama babban dillali, ina yawo da jakar takardu ana gaishe ni. Ina so su zo su gani.

Ranar Asabar da hantsi aka hallara a inuwar gawon. Ga limamin unguwarmu, ga diraktan lakwal da malamai, ga abokan teburin shayi, ga Ilya da mutanensa, mata na can gefe su Habi da Zuwaira. Na kira Yaya ta bidiyo, na jingine wayar a kan bulo yadda zai ga kowa. Yana tsaye gefen baronsa, hayaniyar kasuwa a bayansa, sai murmushi yake yi kamar ango.

Ana cikin zazzaunawa sai ga wani dattijo a kan tsohon keke, da farin tabarau da 'yar jaka a rataye. Mushe Abdu ne, malamin da ya koya mini lissafi a ajin ƙarshe, ya daɗe da yin ritaya. Ban gayyace shi ba, amma da na gan shi sai daɗi ya kama ni. Na ce lallai labarina ya kai ko'ina. Na ruga na karɓi kekensa, na kai shi sahun gaba kusa da Liman, na miƙa masa goro. Ya karɓa ya yi godiya. Na lura yana ta bin ginin da kallo, daga wannan kusurwa zuwa waccan, sai na ɗauka sha'awa ce.

Kafin addu'a na miƙe na ce zan ɗan yi tsokaci. Tsokacin ya kusa rabin awa. Na yi bayanin kudu da arewa, na yi na iyaka da manyan motoci, na faɗi dalilin da ya sa shago zai riga gida daraja a wannan yanki. Na ce sayen fili ba kuɗi kawai yake so ba, ido yake so. Na ce ku dubi tudun nan, ruwa ba zai taɓa kwanciya a nan ba. Sannan na juya na nuna can ƙarshen layin, wajen gabas, inda ƙasa ta ɗan gangara, na ce wanda duk ya sayi fili a can, Allah ya ba shi haƙuri, tafki ya saya, sai ya tanadi kwalekwale. Aka yi dariya. Yaya ma na ji dariyarsa ta cikin waya. Na ƙare da cewa akwai masu filaye a layin nan da suka bar su suna barci don ba su san abin da suka riƙe ba.

Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Mushe Abdu ya bari har aka fara buɗe lemo, sannan ya yafito ni da hannu. Na je na durƙusa. Ya ce a hankali yana son magana da ni, mu ɗan koma gefe.

Ga inda na kashe kaina da hannuna. Na ɗauka yabo zai yi, kuma na ga asara ce yabo irin nasa ya tafi a ɓoye. Sai na ɗaga murya na ce, "Mushe, ai nan duk 'ya'yanku ne. Ku faɗa kowa ya ji, mu ƙaru."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mana in mutum ya ɗaga hannu alhali bai san amsa ba. Ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce ƙwarai.

Ya ce in kawo taswirar da na yi aiki da ita. Na zaro ta daga aljihu da sauri. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya danne gefenta da goro biyu, ya ce, "Ɗana, nuna mini gabas a ƙasa."

Na nuna.

"To nuna mini gabas a takarda."

Na sa yatsa. Sai a lokacin na ga 'yar kibiyar da ke kusurwar takardar, wadda ke nuna arewa, tana kallon cikina. Sati uku da kwanaki ina riƙe da takardar nan a kife. Ya sa yatsu biyu ya juya ta a hankali har ta daidaita. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da wata takarda a cikin leda, ya ajiye kusa da tawa.

Ya ce, "Filin ɗan'uwanka na uku ne daga kwanar gabas. Wannan da muke zaune a kai na uku ne daga kwanar yamma. Na mai ɗakina ne, Hajiya Mariya."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Dirakta ya cire tabaransa yana gogewa, abin da yake yi ke nan in yana so ya ɓoye fuska. Wani daga cikin 'yan teburin shayi lemo ya sarƙe shi, ya yi ta tari, ni dai na san ba tari ba ne. Ilya ya juya baya yana kallon sama. Ni kuwa ina durƙushe, ina ta duban takardun nan biyu ko Allah zai sa rubutun ya canza.

Sai muryar Yaya ta fito daga kan bulo. Ya ce hayaniya ta hana shi ji, me dattijon ya ce? Ya sake kiran sunana, ya ce in maimaita masa.

Haka na tashi, na ɗauki wayar a gaban kowa, na faɗa wa wana da bakina cewa ginin da aka yi da guminsa a filin wasu yake. Ina ganin fuskarsa, a bayansa wata mata na taɓa ayabarsa tana tambayar kuɗi, bai ko juya ba. Ya tambaya to ina nasa filin yake.

Wannan tambayar ce ta jawo kashi na biyu na kunyar. Mushe Abdu ya ce a je a gani. Aka tashi gaba ɗaya, har matan, aka bi layin a ƙafa cikin rana, ni a gaba da waya a hannu kamar mai jan gawa. Muka wuce fili, muka wuce fili, ƙasa na ta gangarawa, har muka tsaya a na uku daga ɗaya kwanar. Daidai wurin da na nuna ɗazu na ce a tanadi kwalekwale. Akwai gawo kusa da shi kuwa, da awaki uku kwance a inuwarsa. Na juya wayar na nuna wa Yaya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kuɗin wayarsa sun kusa ƙarewa, ya kashe. (Ni na kira shi. Kuɗina ne ke tafiya, ba nasa ba.)

A hanyar dawowa Mushe Abdu ya gaya mini cewa sati uku ya yi a Damagaram ana yi masa aikin ido, Hajiya na jinyarsa, jiya suka dawo wani ya tare shi da barka wai ya ga sun fara gini. Ya ce ya so ya rufa mini asiri, ni na ƙi. Na ce haka ne, Mushe. Habi kuwa ta koma ta tsuguna ta tone zogalenta biyu da hannu, ta naɗe saiwar a gefen zane, ta kaɗa yaranta suka tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda na sa kaina ba. Yaya bai kira ba, in na kira ba ya ɗauka. Teburin shayi na daina bi ta gabansa, sai in zagaya ta bayan tasha, duk da haka labari ya iske ni cewa sun sa mini suna Injiniya. A lakwal babu wanda ya ce komai, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Na shiga aji na tarar da taswirar da na zana tana nan a kusurwar allo da kibiyarta, na goge ta har allon ya yi ƙara. A gida in zauna in tashi, in fita ƙofa in dawo. Zuwaira ta ce in dai zagayen nan zai mayar da bulo filin Yaya, to ita ma ta tashi ta taya ni.

A rana ta huɗu na tafi wurin Hajiya Mariya. Na same ta a tsakar gida tana matsar ƙuli-ƙuli, mace mai jiki, mai ƙarancin magana. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa nesa. Na yi gaisuwa ta amsa, na ba da haƙuri ta ce Allah ya ba mu haƙuri gaba ɗaya. Sai na kawo shawarar da na kwana uku ina tsarawa, wato a yi musanya, ta ɗauki filin Yaya ta bar mana wannan. Ta ci gaba da matsa mai kamar ba ta ji ba. Can ta ce an gaya mata duk abin da na faɗa a wurin taro, kuma ita tsohuwa ce, ba ta iya tuƙa kwalekwale ba.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ta ce filin da gadon mahaifinta ta saye shi, ta ajiye wa ɗanta da ke koyon ɗinki, ba barci yake yi ba, jira yake yi. Ta ce in tafi, sai mai awo ya zo ya faɗi gaskiyar kowa, sannan ta yi shawara da ɗanta. Na tambaya yaushe. Ta ce, "Kai dai gaggawa ce ta kawo ka nan. Kada ta mayar da kai."

Mai awo ya zo, aikin da bai ɗauke shi rabin awa ba. Ya tone bornonin, ya ja ma'auninsa, ya tabbatar da maganar Mushe Abdu. Bai yi mini faɗa ba, tambayata kawai ya yi ko kwana goman sun cika. Bayan sati biyu Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce ɗanta ya ga ginin ya yi masa, musamman shagunan, don haka ba za a rushe ba. Za ta mayar wa Yaya bulo da siminti daidai abin da aka sa, a hankali, yadda ƙarfinta ya kai. Amma ladan magina da yashi da ruwa da aka saya, wannan ba ita ta aike ni ba. Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mana adalcin da ba kowa zai yi ba. Washegari na kai motona bakin kasuwa na sayar, na cike gurbin.

Yaya ya dawo da ruwan farko kamar kullum. Na je tasha tarbarsa. Ya sauko daga mota, ya rame, muka gaisa, ya tambayi iyali, na karɓi jakarsa. Bai ce a je gida ba, ya ce a je filin. Muka tafi a ƙafa. Ya wuce ginin Hajiya bai ko waiwaya ba. Da muka kai nasa ya zagaya shi sau ɗaya, ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza a hannu. Na fara jero ban haƙurin da na haddace, ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Da ka ce mini ba ka sani ba, da na jira. Shekara goma sha shida na jira, kwana goma ba za su kashe ni ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, daga ranar har yau. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babban hutun shekarar a filin nan na yi shi. Da safe Yaya na gona, ni ina tura baron jar ƙasa ina cike gangaren, hannuna na alli ya yi kanta ya fashe ya sake yin kanta. Da yamma ya zo mu yi tare. Bayan kaka aka ta da ɗaki biyu da katanga, babu shago ko ɗaya, suka tare. Da damina ta zagayo ruwa ya kwanta a ƙofar gidan kwana biyu ya tafi abinsa, ko a nan ma ban faɗi daidai ba. Yaya kuwa ya koma Fatakwal da baronsa, kuma na san da ban yi abin da na yi ba, wataƙila da ya rage shekara ɗaya ko biyu a kan hanyar nan.

Shagunan Hajiya suna nan sun yi kyau. Ɗanta na ɗinki a ɗaya, ɗayan wani mai cajin waya ya kama haya. Layin ya fara cika, har na ji an ce mata masu adashe wurinta suke zuwa neman shawarar inda za su sayi fili, wai tana da ido. Garin kuwa ya yi kudu, ya yi arewa, ya yi wajen Kance, ya yi duk inda ya ga dama ba tare da ya nemi izinina ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Kalmar nan ta ban sani ba, ashe ba ta cizo, kuma ta fi araha in ka faɗe ta tun kafin a kawo siminti. Yanzu in wani ya tare ni ya ce Mushe, ina kake ganin gari zai nufa, sai in ce masa ya nemi mai awo, ni dai gida na nufa. Kuma a ƙafa.